Tarihin Lissafin Ambaliya da Madatsun Ruwan Kogin Haɗejiya

Birnin Dutse a tsakanin duwatsu ya ke zaune. Wanda ya tsaya a Garu ko a Limawa ba ya hangen wani babban kogi, sai duwatsu da itatuwan dabino, har wani ya iya tsammanin mutanen wurin ba ruwansu da zancen ambaliya. Amma ba haka ba ne, gama ƙasar Dutse ta miƙa arewa maso gabas har Jahun da Miga, inda fadamun Kogin Haɗejiya su ke. Ban da wannan kuma, tun ran 27 ga watan Agusta 1991, da aka yanke Jihar Jigawa daga ta Kano, Dutse ce hedkwata, saboda haka duk shekarar da ruwa ya ci gonakin Ringim ko Auyo ko Haɗejiya, nan a ke kawo kuka.

Shi wannan kogi daga nesa ya taso. Kogin Kano ya gangaro daga duwatsun kudu, Kogin Calawa ya zo daga yamma, suka gamu kafin Wudil, suka zama ɗaya. Daga nan ya bi ta Ringim da Haɗejiya, ya bazu cikin fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru, ya sadu da ruwan Kogin Jama'are, ya zama Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Cadi. A bisa rassan nan biyu na sama akwai manyan madatsun ruwa, watau Tiga da Calawa. Talakan da ke noma shinkafa a fadamar Miga mai yiwuwa bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, amma kwanciyar hankalinsa da damina tana rataye da wani lissafi da aka yi a kansu. Tarihin wannan lissafi shi ne abin da za a bayyana a nan.

Madatsa da Indararo

Kowane magini ya san soro ba ya zama lafiya sai da indararo. In indararo ya yi ƙanƙanta, ko ya toshe, aka yi ruwa mai ƙarfi da dare, sai ruwan ya kwanta a kan rufi, ya jiƙa ƙasa, ya yi wa azara nauyi, kafin gari ya waye ɗaki ya rufta. To, haka madatsar ruwa ta ke. Galibin madatsun ƙasar nan da ƙasa aka gina su, aka daddaɓe ta, aka jera duwatsu a fuskar da ke duban ruwa. Irin wannan gini yana iya riƙe ruwa mai tarin yawa shekara da shekaru, amma abu guda ne ba ya jurewa, watau ruwa ya hau kansa ya tsallaka. Da zarar ya tsallaka sai ya fara cin bayan ginin kamar yadda ya ke cin kwazazzabo, ɓarakar ta yi ta faɗi, cikin sa'o'i kaɗan tafkin da aka tara shekaru ya kwararo gaba ɗaya.

Don haka ne a kan yi wa kowace madatsa mafita a gefe, mai faɗi, wadda aka ƙarfafa da siminti ko aka sassaƙa cikin dutse, domin in tafki ya cika rarar ruwan ta bi ta nan ta koma kogi. Ita ce indararon madatsa. Tambayar da ke gaban injiniya kuwa ita ce, yaya girmanta zai zama? In ya yi ta ƙarama ya jefa rayukan mutane cikin hatsari. In ya yi ta fiye da kima ya ɓarnatar da kuɗin baitulmali. Ba shi da hanyar sani sai ya kimanta ruwa mafi yawa da kogin zai iya kawowa, ko da sau ɗaya ne cikin zamanai masu tsawo.

Mutanen Dā

Wannan matsala ba yau aka fara ta ba. A ƙasar Yaman mutanen Saba'u sun gina madatsar Ma'arib tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, suna ban ruwan lambunansu da ita. Rubuce-rubucen da aka samu a jikin duwatsu sun nuna ta sha ɓallewa ana gyara ta, har Abraha, da ya mallaki Yaman, ya tara mutane ya gyara ta wajen tsakiyar ƙarni na 6. Kafin wannan ƙarni ya ƙare ta sake ɓallewa, ba a kuwa sake tā da ita ba, lambuna suka bushe, jama'a ta watse. Duk wanda ya yi karatun allo ya san an ambaci ambaliyar mutanen Saba'u cikin Alƙur'ani. Maginan Ma'arib gwanaye ne, ba shakka, amma gwanintar hannu ba ta gaya wa mutum girman ruwan da bai zo ba tukuna.

Mutanen Masar su ne suka yi fice wajen aunawa da rubutawa. Tun zamanin Fir'aunoni suna da ma'aunai a bakin Kogin Nil. A zamanin Musulunci, cikin shekarar 861, Halifa Mutawakkil ya sa aka gina ma'auni a tsibirin Rauda, a Alƙahira, watau wata rijiya mai matakala, da ginshiƙi a tsakiya wanda aka rarraba kamu kamu. In cikar kogi ta kai kamu 16 an san za a yi albarka, in ta gaza an san yunwa na tafe, in ta zarce ƙwarai kuma ɓarna ce. Da wannan awo hukuma ta ke daidaita harajin shekara. Malaman da aka sa wannan aiki sun rubuta cikar Nil shekara bayan shekara har ɗaruruwan shekaru, ba su kuwa san littattafansu za su amfani waɗansu mutane da ke zuwa bayan shekara dubu ba.

Yadda A Ke Yin Lissafin

Sai a farkon ƙarni na 20 aka mai da irin wannan awo ilmi mai ƙa'ida. Cikin 1914 wani injiniya na Amurka, Weston Fuller, ya tattara awon koguna masu yawa, ya nuna cewa gwargwadon tsawon shekarun da aka duba, gwargwadon girman ambaliyar da za a tarar a ciki. Allen Hazen ya bi bayansa da littafi a kan wannan cikin 1930. Sa'an nan wani Bajamushe masanin lissafi, Emil Gumbel, wanda ya bar ƙasarsa saboda 'yan Nazi, ya fito da ƙa'idarsa cikin 1941, ya gwada ta da awon Kogin Rhone na Faransa da na Misisipi na Amurka. Har yanzu ana amfani da ita.

Asalin aikin ba shi da wuyar ganewa. A kan kafa sanda mai lambobi a bakin kogi, galibi a gindin gada, a sa mutum ya riƙa karanta ta kullum yana rubuta inda ruwa ya kai. Lokaci lokaci ma'aikata su kan shiga kwalekwale su auna faɗin kogin da zurfinsa da saurin gudunsa, domin a san in ruwa ya kai lamba kaza a jikin sanda, ruwa kaza ke wucewa cikin daƙiƙa guda. In shekara ta ƙare sai a ɗauki cika mafi girma ta wannan shekara, ita kaɗai, a ajiye. Da shekaru sun taru sai a jera su, daga babba zuwa ƙarama, kamar yadda a ke jera sunaye cikin littafin haraji.

Ga misali. A ce an sami awon shekara 19. Sai a ƙara ɗaya, ya zama 20, a raba da matsayin kowace cika cikin jerin. Ta farko, watau mafi girma, 20 a raba da 1, ana ce da ita ruwan shekara 20. Ta biyu ruwan shekara 10 ce, ta huɗu ruwan shekara 5, ta goma kuwa ruwan shekara 2, watau irin wadda a kan gani kusan kowace damina ta biyu. Sa'an nan a ɗiga su a kan wata takarda mai layuka da aka tsara musamman, inda ɗige-ɗigen su kan jeru kusan a miƙe. Sai a aza rula a ja layi ya ratsa su, a zarce da shi gaba zuwa inda ba a taɓa aunawa ba, a karanta girman ruwan shekara 100, ko na shekara 1,000. Ga manyan madatsun ƙasa waɗanda akwai garuruwa a ƙarƙashinsu, ƙasashe da yawa su kan nemi mafitar ta iya ɗaukar ruwan shekara 1,000, ko ma na shekara 10,000, ko kuwa iyakar abin da masana yanayi suka ga sama za ta iya zubarwa a wannan yanki.

Wake Ɗari Cikin Ƙwarya

A nan akwai wurin da mutane da yawa su ke ruɗewa. In an ce ruwan shekara 100, ba ana nufin in ya zo bana an huta ke nan sai bayan shekara 99 ba. Mai karatu ya ɗauka an zuba wake 100 cikin ƙwarya, 99 farare, ɗaya baƙi. Kowace damina a rufe ido a ɗauki guda, a duba, a mayar, a girgiza. Ana iya daɗewa ba a ɗauko baƙin ba, ana kuma iya ɗauko shi bana a sake ɗauko shi baɗi, gama ƙwarya ba ta tuna abin da ya fita bara.

In an bi lissafin wannan, za a ga mutumin da ya zauna shekara 30 a bakin kogi, zaton ya ga ruwan shekara 100 ya kai 26 cikin 100, watau ya ɗara kashi ɗaya cikin huɗu. Madatsar da ta yi shekara 50 a tsaye, zaton ya kai kusan 40 cikin 100. In ta yi shekara 100, ya kai 63. Wannan ne dalilin da ya sa ba a gina babbar madatsa bisa ruwan shekara 100 kawai. Akwai kuma wani abin lura. In awon shekara 10 kaɗai a ke da shi, zaton a ce babban ruwan nan ya faɗo cikin shekarun da aka auna bai wuce ɗaya cikin goma ba. Watau gajeren littafi galibi ba ya ƙunsar baƙin wake, wanda ya dogara da shi kuwa sai ya raina kogi.

Ƙasar Sin ta ɗanɗana wannan. An tsara madatsar Banqiao, a lardin Henan, ta ɗauki ruwan shekara 1,000. Cikin watan Agusta 1975 guguwar teku ta kawo ruwan sama fiye da mita guda cikin kwana ɗaya, ruwa ya tsallake madatsar, ta rushe, ita da waɗansu, jimla 62. Bisa ƙidayar hukuma mutum 26,000 ruwa ya ci, ban da waɗanda yunwa da cuta suka kashe daga baya.

Madatsun Ƙasar Kano

A ƙasar Kano an fara rubuta awon ruwan sama tun farkon zamanin Turawa, amma auna koguna a kai a kai, kamar a gadar Wudil, bai kankama ba sai cikin shekarun 1960. Ba a jima ba aka kafa Jihar Kano cikin 1967, har da Dutse da Haɗejiya da Gumel da Kazaure a cikinta, aka naɗa Audu Baƙo Gwamna. Zamaninsa ya zo daidai da babban farin da ya fara wajen 1968 ya tsananta cikin 1973, dabbobi suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe. Saboda haka ya ɗaura aniyar tare ruwan damina don amfanin rani. Aka gina Bagauda a ƙasar Bebeji, aka gina ƙananan madatsu a wurare da dama, har da ta Warwade kusa da Dutse.

Babbarsu ita ce Tiga, a kan Kogin Kano, wadda aka fara cikin 1971 aka gama cikin 1974. Tsayinta mita 48, tsawonta kimanin kilomita 6, an kuwa tsara ta riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 2,000. Kubik mita guda lita 1,000 ce, watau cikin durum biyar. Da ruwanta a ke noman rani a Kadawa da Kura, birnin Kano kuma yana sha. Cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda madatsar ta koma hannunta. Ta Calawa, a ƙasar Ƙaraye, an gama ta cikin 1992, tsayinta mita 42, tana riƙe kimanin kubik mita miliyan 900.

Amfanin waɗannan ayyuka a fili ya ke, ba mai musunsa. Amma wanda ya ƙidaya shekaru zai ga lokacin da aka fara Tiga littafin awon kogin bai daɗe da buɗewa ba. Shekarun da suka biyo baya kuma na ƙarancin ruwa ne, ga farin 1973, ga na 1983 da 1984. Wani Bature ɗan Ingila, Harold Hurst, wanda ya yi rayuwarsa yana nazarin Nil, har ya yi amfani da tsofaffin littattafan ma'aunin Rauda, ya nuna cikin 1951 cewa shekarun ruwa su kan zo a jere, na fari ma su kan zo a jere, abin da ke tuna wa mutum labarin Annabi Yusufu da shekarun wadata da na yunwa. Haka aka gani a ƙasar Hausa, shekarun 1950 na ruwa ne, na 1970 da 1980 na fari. Wanda ya auna kogi cikin zangon fari kaɗai, ya ga fuska guda ce tasa. Ga shi kuma da mutane suka ga shekaru sun shuɗe ruwa bai kai inda ya saba kaiwa ba, sai suka gangara da gidaje da gonaki cikin fadama.

Daga Bagauda Zuwa Yau

Cikin watan Agusta 1988 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a ƙasar Kano. Madatsar Bagauda, wadda ba ta kai ko kusa da girman Tiga ba, ta ɓalle. Ruwan ya yanke hanya, ya share gonaki, gidaje dubbai suka rushe a jihar cikin wannan damina, rayuka suka salwanta. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Cikin 1992 aka rage tsayin mafitar Tiga da kimanin mita 3 da rabi, domin a rage wa ginin nauyi. Wannan ya ƙara wa madatsar aminci, amma ya rage abin da ta ke iya riƙewa, watau ta fi saurin cika ta zubar da rara. Mai karatu ya lura da wannan ciniki, gama abin da ya sauƙaƙa wa bango, shi ya kan nauyaya wa mutanen gangare.

A ƙarshen watan Agusta 2001 Tiga da Calawa suka cika suka zubar, ruwa ya ci garuruwa a Kano da Jigawa. Cikin Satumba 2010 aka sake yin wata babba, har Gwamnatin Jigawa ta ce abin ya shafi mutum kimanin miliyan 2, ta kuma ɗora laifin a kan sakin ruwan madatsun. Hukumar kogunan ta musa, ta ce ba sakin ruwa ta yi ba, ruwan sama ne ya yi yawa. A cikin wannan wata kuma ruwan madatsar Goronyo ya yi ɓarna a ƙasar Sakkwato. Cikin 2022 Jigawa tana cikin jihohin da ambaliya ta fi yi wa ta'adi. Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri, shekara 30 bayan ya taɓa shiga cikin 1994.

Irin gardamar da aka yi cikin 2010 ba baki ke raba ta ba, littafi ne. In akwai awon tsayin tafki na kullum, da na ruwan da ya fita, da na gadar Wudil, da na Haɗejiya, kowa zai ga nawa ya fito daga madatsa, nawa kuma ya zubo daga rafukan da ke ƙasa da ita.

Abin da Ke Tsufar da Lissafi

Lissafin da aka yi ran gini ba ya zama daidai har abada, gama ƙasa tana sāke kama. In an sare itatuwa an nome gangare, ruwan sama ya kan sheƙo da sauri maimakon ya nutse. Yashi da laka su kan taru cikin tafki su cinye wurin ruwa. A gangaren Haɗejiya kuwa, tun da madatsun suka sa kogin da dā ya kan ƙafe da rani ya koma gudu shekara duka, ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, har cikar da dā ta kan wuce salin alin yanzu ta kan fantsama cikin gonaki. Masana yanayi kuma sun nuna cewa ruwan sama mai ƙarfi na lokaci guda ya ƙaru a yankin Sahel tun daga shekarun 1980. Watau baƙin waken da ke cikin ƙwarya mai yiwuwa yanzu ya fi guda.

Saboda haka ƙa'idar masu wannan ilmi ita ce a riƙa sake lissafin bayan 'yan shekaru, a zuba sababbin awo, a ga ko mafitar da aka gina jiya ta isa ruwan gobe. In ba ta isa ba a faɗaɗa ta, ko a rage ruwan tafki kafin Agusta, a kuma sanar da hakimai da dagatai na gangare tun da sauran lokaci, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamnatin Tarayya tana da hukumar awon ruwan koguna, NIHSA, wadda kan fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, amma ita ma abin da aka auna aka kai mata shi ne jarinta.

Akwai kuma wata taska da ba ta cikin ofis. Tsofaffin ƙauyukan bakin kogi sun san shekarar da ruwa ya kai gindin kukar kasuwa, da wadda ya taɓa dokin ƙofar masallaci. Injiniyoyi su kan karɓi irin wannan shaida, su auna tsayin wurin, su ƙara ta cikin jeri, ta tsawaita littafin zuwa shekarun da ba a kafa sanda ba tukuna. Kowane tsoho da ya rasu ba a tambaye shi ba, shafi guda ya ɓace.

Daga ƙarshe dai, dukan ginin nan na lissafi a kan mutum guda ya ke tsaye, watau ƙaramin ma'aikacin da ke zuwa gindin gada da safe da fensir da littafi. In ya yi ƙyuya ya zauna gida ya cika shafi da ka, ko aka bar shi wata da watanni ba albashi, ko ruwa ya tafi da sandar ba a maye ta ba, ko gara ta cinye tsofaffin littattafai a sito, to, babu gwanin lissafin da zai iya mai da abin da ya ɓace. Ranar da kogi ya fi cika kuwa, ranar da zuwa bakinsa ya fi wuya, ita ce ranar da awonta ya fi na dukan shekara daraja. Tiga ta haura shekara 50 a tsaye, Calawa ta haura 30. Lafiyar mutanen Ringim da Jahun da Miga da Haɗejiya tana ga ƙarfin bangayen nan biyu, tana kuma ga gaskiyar abin da aka rubuta cikin littafin awo.